Gwajin Hanta: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Takardar sakamakon gwajin hanta ba ta da fara'a. Jerin haruffa ne, ALT, AST, ALP, GGT, kowanne da lamba a gabansa, wasu an sa musu tauraro ko harafin H, alamar lambar ta fita daga iyaka. Mutum ya karɓo ta daga ɗakin gwaji, ya zauna a benci yana jiran layin likita, yana juya ta gabansa na faɗuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda marasa lafiya da masu jinyarsu suka fi yi a kan wannan takarda. Amsoshin za su taimaka ka gane abin da likita ke dubawa, amma hukunci na wanda ya gan ka ne, ya taɓa cikinka, ya ji tarihinka.

Likita ya rubuta min LFT. Me za a duba a jinina?

LFT gajeren sunan gwajin aikin hanta ne da Turanci. Gwaje-gwaje ne da dama da ake yi da jinin da aka ɗiba sau ɗaya daga jijiyar hannu. Hanta tana gefen dama na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta a jikin babba ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ayyukanta suna da yawa, amma uku ne suka shafi takardarka: tana sarrafa abinci da magani da guba, tana haɗa madaci ta tura shi hanji ta wasu siraran magudanai, tana kuma ƙera furotin ɗin da jini ke buƙata.

Lambobin ma kashi uku ne. ALT da AST suna nuna ko ƙwayoyin hanta na jin rauni. ALP da GGT da bilirubin, sinadarin da ke sa ido rawaya, suna nuna ko hanyar madaci a buɗe take. Albumin da gwajin daskarewar jini, wanda ake rubutawa PT ko INR, su ne ke faɗin ko hanta na iya aikinta. Shi INR a wata kwalba daban ake ɗibarsa, kuma sau da yawa sai likita ya rubuta shi da kansa, ba ya cikin jerin da aka saba.

Mene ne ALT da AST, kuma me ke sa su hawa?

Sinadarai ne da ke aiki a cikin ƙwayoyin hanta. Nan ne mazauninsu, kaɗan ne kawai ke yawo a jini. Idan wani abu ya ji wa ƙwayoyin rauni, ƙwayar cuta ce ko magani ko giya ko kitse, sai su tsiyayo cikin jini, lambar ta hau.

Kamar hatsi ne da ka tarar a zube a gindin rumbu. Ya nuna maka akwai ɓaraka, amma bai gaya maka damin da ya rage a ciki ba, kuma rumbun da ya riga ya ƙare ba ya zubar da komai. Shi ya sa mai ALT 800 kan warke sarai cikin 'yan watanni, wani kuwa hantarsa ta taurare ta ƙanƙance amma ALT ɗinsa bai wuce 35 ba.

ALT ya fi zama ɗan gida a hanta. AST kuwa akwai shi a tsoka da zuciya da jajayen ƙwayoyin jini. Ɗan dako da ya wuni yana sauke buhuna, ko manomi a tsakiyar huɗa, ko ɗan dambe bayan wasa, duk AST ɗinsu na iya hawa hanta ba ta san an yi ba. A shekarun 1950 ma, don gano bugun zuciya aka fara auna shi. Likitoci na duba yadda biyun suka tsaya da juna, dabarar da wani likita ɗan Italiya, Fernando De Ritis, ya bayyana a 1957. Idan AST ya ninka ALT ko ya fi, hankali kan karkata ga giya. Idan kuma hanta ta yi tabo mai yawa, AST kan sha gaban ALT ko da mutum bai taɓa kurɓar giya ba.

Wace lamba ce ta mai lafiya?

Ka fara duba takardarka, domin kowane ɗakin gwaji na buga nasa mizanin a gefen sakamako, kuma na'urori sun bambanta. A ƙiyasi dai, ALT da AST ba sa wuce 40, ALP na babba yana tsakanin 30 da 130, albumin tsakanin 35 da 50, INR kuma kusa da 1. Bilirubin ƙasa da 21 ne idan da µmol/L aka auna, ko ƙasa da 1.2 idan da mg/dL ne. A kula da wannan sosai: wanda ya yi gwaji a wuri biyu zai iya ganin 1.0 a wannan takarda da 17 a waccan ya ɗauka ciwo ya ninka, alhali abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mizanin an tsara shi ne ya ƙunshi kashi 95 cikin 100 na masu lafiya. Wato a kowane gwaji, mutum ɗaya cikin ashirin zai faɗo wajen layi alhali lafiyarsa ƙalau. Tauraro guda a kan lambar da ta gota da kaɗan ba abin hana barci ba ne.

ALT ɗina 65 ne, kuma ba na jin komai. In damu?

Kada ka firgita, kada kuma ka jefa takardar ƙarƙashin katifa. Hawan da bai kai ninki biyu ko uku ba abu ne da ake gani kullum. Zazzaɓin cizon sauro da ka yi makon jiya zai iya jawo shi, ko maganin da ka sha, ko aikin ƙarfi. Likita zai tambaye ka abin da kake sha, ya duba ciwon hanta nau'in B da C, sannan ya ce a maimaita bayan 'yan makonni.

Idan an maimaita yana nan, ƙwayar cuta kuma babu, abin da ake yawan tararwa shi ne kitse a hanta. Yana tafiya da teɓa da ciwon suga da hawan jini, kuma yana ƙaruwa a biranenmu tare da lemon kwalba da zaman wuri ɗaya. Maganinsa na farko rage ƙiba ne: wanda ya sauke kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, hantarsa kan sami sauƙi ƙwarai.

Dubbai kuwa wani labari ne. ALT da ya haura 1,000 yawanci ɗaya ne cikin uku: sabon kamu na ƙwayar ciwon hanta, ko gubar magani, ko yankewar jini ga hanta bayan jinin mutum ya faɗi sosai. Wannan na asibiti ne a ranar.

Na yi LFT ya fito lafiya. Ke nan ba ni da ciwon hanta nau'in B?

A'a. Idan amsa ɗaya za ka riƙe daga nan, to ka riƙe wannan. LFT ba ya neman ƙwayar cuta ko kaɗan. Mutum na iya ɗauke da nau'in B shekara talatin, ALT ɗinsa na fitowa daidai a yawancin gwaje-gwaje, ita kuwa ƙwayar tana aikinta a hankali. Gwajin da ke gano ta daban ne, sunansa HBsAg, kuma ɗigon jini daga yatsa ya isa, sakamako ya fito cikin mintoci. Na nau'in C shi ne anti-HCV.

Asalin gwajin HBsAg binciken Baruch Blumberg ne, wani likita Ba'amurke da ya gano sinadarin a shekarun 1960, ya sami kyautar Nobel a 1976. Ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce aka mayar Ranar Ciwon Hanta ta Duniya.

Abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, su biyun suna kashe kimanin miliyan 1.3 a shekara. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya sami nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Ka ƙirga sahu ɗaya na masallacin unguwarku. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba su sani ba.

Yawancin masu ɗauke da ita a yankinmu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu, daga uwa wajen haihuwa ko ta jini: askar wanzami da ba a dafa ba, kaciya, tsaga, ƙaho, reza ɗaya da yara suka yi rabo, allurar da aka maimaita. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma ƙwayar kan zauna masa. Babba kuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zaunawa. Saboda haka wanda aka samu da ita ba abin zargi ba ne, kuma ina roƙon a daina yi masa kallon wanda ya aikata wani abu. Ba a ɗaukarta ta zufa, ko musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya.

An ce HBsAg ɗina ya nuna akwai. Sai me kuma?

Sai a gano matsayinka, domin ba kowa ne ke buƙatar magani nan take ba. Idan HBsAg ya zauna fiye da wata shida, ciwon ya zama na dindindin. Daga nan ana duba ALT, da yawan ƙwayar a jini wanda ake kira HBV DNA, da kuma ko hanta ta fara tabo. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2024, ana fara magani idan akwai alamar tabo mai yawa, ko idan ƙwayar ta haura 2,000 kuma ALT ya wuce 30 ga namiji ko 19 ga mace. Ka ga wannan iyaka ta yi ƙasa da 40 ɗin da ke kan takarda, don haka mai nau'in B kada ya yanke wa kansa hukunci da ganin babu tauraro.

Magungunan su ne tenofobir da entekabir, ƙwaya ɗaya a rana. Suna danne ƙwayar, suna rage haɗarin taurarewar hanta da ciwon daji, wato kansa, amma ba sa kawar da ita gaba ɗaya, kuma daina su kai tsaye na iya tayar da ciwon da ƙarfi. Wanda ba a sa wa magani ba, ba sallamarsa aka yi ba: yana komawa gwaji duk wata shida zuwa shekara.

Sai iyali. A gwada mata ko miji, da 'ya'ya, da 'yan uwan da aka haifa ciki ɗaya. Wanda ba shi da ita a yi masa riga-kafi, allura uku cikin wata shida. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure wadda ta haɗa da ciwon hanta, kuma sakamakon da ya nuna akwai ba dalilin fasa aure ba ne a likitance, tunda riga-kafi na kare ɗayan.

Nau'in C kuma ana warkewa daga gare shi. Anti-HCV yana nuna cewa ƙwayar ta taɓa shiga jiki ne kawai, sai gwajin HCV RNA, mai neman ƙwayar kanta, ya tabbatar tana nan. Idan tana nan, maganin wata biyu zuwa uku na warkar da fiye da kashi 95 cikin 100.

Idona ya yi rawaya. Hanta ce?

Mai yiwuwa, amma ba lallai ba. Shawara alama ce, kuma bilirubin ne ke kawo ta. Jajayen ƙwayoyin jini kan rayu kimanin kwana 120, idan sun mutu sai a sami bilirubin, hanta ta sarrafa shi ta zubar ta cikin madaci. Ido kan fara nuna rawaya idan ya kai wajen 40 zuwa 50 a ma'aunin µmol/L.

Shi ya sa takarda ke raba shi biyu, wanda hanta ta riga ta sarrafa da wanda bai kai gare ta ba. Idan wanda ba a sarrafa ba ne ya yi yawa, sauran lambobi kuma lafiya, galibi jini ne ke fashewa fiye da kima: sikila, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko ƙarancin sinadarin G6PD da ake gado, wanda ya yawaita a Afirka. Masu sikila da yawa idonsu bai rabuwa da ɗan rawaya, ba kuma hantarsu ce ta lalace ba. Idan wanda aka sarrafa ne ya hau, to matsalar na cikin hanta ko a hanyar madaci, misali tsakuwa daga matsarmama ko ƙari ya toshe ta. Wannan kan zo da fitsari mai duhu, bayan gida fari-fari, da ƙaiƙayin jiki.

Jaririna ya yi shawara, kakarsa ta ce a riƙa shanya shi a hantsi. Ya isa?

'Yar uwa, ki kai shi a auna. Gaskiya ne fiye da rabin jarirai kan yi shawara a makon farko, kuma mafi yawa tana wucewa. Amma ido ba ya iya auna bilirubin, balle a fata mai duhu, kuma idan ya yi yawa yana shiga ƙwaƙwalwa ya bar kurumta ko shanyewar jiki har abada. Hantsi da ruwan gulukos ba sa maye gurbin fitilar asibiti. Shawarar da ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko jariri ya ƙi kama nono, ko kukansa ya canza, duk na gaggawa ne. A kuma cire kafur daga kayan jariri, domin yana fasa jinin mai ƙarancin G6PD.

Idan ta wuce mako biyu, musamman in kashinsa ya yi fari, a nemi a raba bilirubin ɗin. Akwai jariran da ake haifa hanyar madacinsu a toshe, kuma tiyatar ta fi yin nasara kafin su cika wata biyu.

ALP ɗin ɗana ya ninka na babba. Me ya same shi?

Wataƙila girma kawai yake yi. ALP na fitowa daga ƙashi kamar yadda yake fitowa daga hanta, don haka yara da matasa nasu kan ninka na manya. Mai ciki ma nata kan hau a watannin ƙarshe saboda mabiyiya. GGT ne ke raba gardama: idan ya hau tare da ALP, hanta ce ko hanyar madaci, idan yana daidai, a duba ƙashi. GGT shi kaɗai ba a dogara da shi, domin giya da ƙiba da wasu magungunan farfaɗiya duk suna ɗaga shi.

Me ya sa likita ya fi damuwa da albumin da INR fiye da ALT?

Domin su ne ke faɗin abin da hanta ke iya yi yanzu. Albumin furotin ne da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. Idan ya yi ƙasa, ruwa kan tsere ya taru a ƙafa da ciki. Yana ɗaukar kimanin mako uku kafin rabinsa ya ƙare a jini, saboda haka faɗuwarsa labarin ciwo ne da ya daɗe. Amma yunwa da ciwon ƙoda da doguwar jinya ma suna saukar da shi.

INR ya fi saurin magana. Wasu sinadaran daskarar da jini da hanta ke ƙerawa sa'o'i kaɗan suke yi, don haka in hanta ta fara gazawa yau, gobe INR ya nuna. Mai shawara da INR ɗinsa ya kai 1.5, ya kuma fara rikicewa ko barcin rana da rashin barcin dare, yana cikin haɗari ko da ALT ɗinsa na sauka. Saukar ALT a irin wannan hali ba sauƙi ba ne.

Sai na ƙi cin abinci kafin a ɗebi jinin? Idan ina azumi fa?

Yawanci ba a buƙatar ƙin cin abinci, sai dai idan an haɗa da gwajin suga ko na kitsen jini. Malamai da dama sun bayyana cewa ɗan jinin da ake ɗiba don gwaji ba ya karya azumi. Abu ɗaya ne kawai: akwai mutanen da suka gaji wani hali mai suna Gilbert, kusan ɗaya cikin ashirin, waɗanda bilirubin ɗinsu kan ɗan hau in sun daɗe ba su ci ba ko suna zazzaɓi. Ba cuta ba ce, ba ta buƙatar magani, amma ka gaya wa likita kana azumi lokacin da aka ɗiba.

Waɗanne magunguna ne ke taɓa hanta?

Na farko shi ne wanda ke kowane gida: farasitamol. A ƙa'ida lafiya yake, amma babba ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500, kuma mai ƙaramin jiki ko mai shan giya ko wanda bai ci abinci sosai ba iyakarsa ta fi haka ƙasa. Inda ake faɗawa shi ne haɗe-haɗen kemis: maganin mura da na ciwon jiki da na ciwon kai, kowanne da farasitamol a ciki, mutum bai sani ba. Wanda ya sha fiye da kima zai iya zama garau a ranar farko, gwajinsa ma ya fito lafiya, sai a kwana na biyu ko na uku hanta ta rushe. Akwai makari, kuma ya fi aiki cikin sa'a takwas na farko. Kada a jira alama.

Uku daga magungunan tarin fuka, isoniyazid da rifamfisin da firazinamid, suna iya taɓa hanta, haka ma nebirafin na masu ƙanjamau da wasu magungunan farfaɗiya. Wannan ba dalilin ƙin shan su ba ne. Dalili ne na yin gwaji idan likita ya ce, da komawa asibiti da zarar an ga amai ko rawayar ido.

Sai jiƙe-jiƙe da sassaƙe da magungunan ƙarin ƙarfi ko ƙarin ƙiba da ake sayarwa a kwalabe ba tare da an san abin da ke ciki ba. Duk abin da aka haɗiye, daga daji ya fito ko daga kamfani, ta hanta zai bi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai shawara da aka ɗora wa jiƙo kan jiƙo, hantar da ke neman hutu aka ƙara mata kaya. Kada ka ɓoye wa likita abin da ka sha don kunya ko gudun faɗa. Ka zo masa da kwalbar ma.

Ina da ciki, tafin hannuna da ƙafata suna ƙaiƙayi da dare. Da alaƙa?

Akwai yiwuwa, Hajiya. Ƙaiƙayin tafin hannu da ƙafa ba tare da ƙuraje ba a watannin ƙarshe na iya nuna madaci na taruwa, kuma yana da haɗari ga abin da ke cikin. Ki faɗa a wajen awo don a yi gwaji. Haka nan mai ciki da jininta ya hau, ga ciwon kai, ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ana duba AST da ALT ɗinta da gaggawa, domin yana cikin alamun da ke gabatar jijjiga.

Kowace mai ciki ta nemi a yi mata HBsAg. Idan akwai, ana iya ba ta tenofobir kafin haihuwa, jariri kuma a yi masa allurar riga-kafi ta farko cikin sa'a 24. Najeriya ta sa wannan riga-kafi cikin na yara tun 2004, amma wanda aka haifa a gida sau da yawa sai bayan suna ake kai shi, lokacin ya riga ya wuce. Ciwon shawara ga mai ciki kuma ba a wasa da shi: nau'in E, wanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa, ya fi kashe masu ciki, kamar yadda aka gani a ɓarkewar da aka yi a Diffa da Ngala a 2017.

Wasu sun zo unguwarmu da na'ura, ka riƙe wani ƙarfe kwamfuta ta faɗi lafiyar hantarka. Gaskiya ce?

Ba gaskiya ba ce. Babu na'urar da ke auna ALT ko bilirubin ko ƙwayar ciwon hanta ta hanyar riƙe ƙarfe. Ka lura kuma wanda ya gano maka ciwon shi ne mai sayar da maganinsa. Haka batun wankin hanta: babu wani shayi ko gari da aka tabbatar yana wanke ta, ko yana fitar da nau'in B daga jiki. Kuɗin da za a kashe a nan ya isa a yi HBsAg wa gida guda.

Idan gwajin jini bai nuna tabo ba, ta yaya ake gano shi?

Akwai hanya mai araha da ba a cika amfani da ita ba. Idan hanta ta taurare, saifa kan kumbura, ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini, wato falatilet, su ragu. Daga AST da yawan falatilet ake fitar da lissafin APRI: a raba AST da iyakarsa, a raba abin da aka samu da yawan falatilet, a ninka da 100. Mai AST 48, iyaka 40, falatilet 160, APRI ɗinsa 0.75 ne. Ga mai nau'in B, abin da ya haura 0.5 na nuna tabo mai yawa, wanda ya haura 1 kuma ana zargin taurarewa. Kowane babban asibiti na iya yin gwaje-gwajen biyu.

Hoton ciki yana nuna kitse da tsakuwa da ƙari da ruwa, amma tabon farko kan kuɓuce masa. Na'urar FibroScan tana auna taurin hanta ba tare da huda ba, sai dai ba ko'ina ake samunta ba. Ɗibar ɗan tsokar hanta da allura yanzu sai inda sauran suka kasa warware zance.

Masu noman rani da masunta su san wani abu: nau'in tsargiya da ke zama a hanji na iya sa tabo a jijiyoyin hanta har mutum ya yi aman jini, LFT ɗinsa kuwa kusan daidai. A gaya wa likita idan ana yawan shiga ruwa.

Gwajin hanta na nuna ciwon kansa?

LFT ba ya nunawa. Mai taurarewar hanta, da mai nau'in B da likita ya ga yana cikin haɗari, ana yi musu hoton ciki duk wata shida, sau da yawa tare da gwajin jini mai suna AFP. Dalilin wata shidan shi ne a kama ƙari yana ƙarami, lokacin da ake iya cire shi. A Afirka ta Yamma kansar hanta tana kama maza da ƙuruciyarsu, 'yan talatin da arba'in, kuma nau'in B ne kan gaba wajen jawo ta. Gubar afalatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna tana ninka haɗarin ga mai ɗauke da ƙwayar, don haka a busar da amfani sosai kafin a adana, a kuma zubar da gyaɗar da ta yi ɗaci ko ta canza launi, kada a mayar da ita ƙuli-ƙuli.

Wane lokaci ne ba a jiran sakamako, sai dai a wuce asibiti?

Aman jini ko baƙin bayan gida mai wari. Shawara tare da rikicewa, ko yawan barci, ko jini daga dasashi da hanci. Shawara da zazzaɓi mai zafi da ciwon gefen dama. Kumburin ciki da ya zo da zazzaɓi. Shawara ga mai ciki ko ga jaririn kwana ɗaya. Shan farasitamol fiye da kima, ko da mutum na jin garau.

Me zan riƙe in zan koma wajen likita?

Duk tsofaffin takardunka, a jere bisa kwanan wata, ko hotonsu a waya. Lamba ɗaya ba ta faɗin inda ciwo ya dosa. ALT 90 da ya sauko daga 400 daban yake da 90 da ya hauro daga 30. In da hali ka riƙa maimaita gwaji a wuri ɗaya don ma'auni ya zama ɗaya. Ka zo da kwalayen duk abin da kake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ka kuma faɗa idan wani a gidanku ya taɓa yin ciwon hanta ko ya rasu da kumburin ciki.